Rumbun Ma'adinai Da Alƙalamin Mai Hisabi

Daga cikin al'amuran da manyan dauloli suka daɗe suna gudanarwa ba tare da kuwwa ba, waɗanda talaka ba ya jin ɗuriyarsu sai ranar da suka taɓa tukunyar gidansa, akwai tara ma'adinai a rumbun hukuma domin ranar tsanani. Watau daula ta dubi ƙarafan da masana'antunta da rundunarta ba su iya motsi sai da su, alhali kuwa ba a haƙo su a ƙasarta, ko ana haƙowa ba su isa ba, ta saye su tun ana zaman lafiya ta jibge, saboda tsoron ranar da yaƙi ko husuma za su toshe hanyar teku. Shi kansa tanadin babu mai hankalin da zai yi jayayya a kansa. Inda mas'alar ta yi tsauri shi ne wajen sanin nawa za a tara, da lokacin da za a saya, da ranar da ya halatta a buɗe ƙofa a fitar. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara miƙa waɗannan tambayoyi ga ma'abota ilmin hisabi, su tsara su cikin lissafi su fitar da adadi. Ni kuwa abin da nake gani shi ne, wajibi ne a yi wannan lissafi, amma haɗari ne babba a ɗauki natijarsa tamkar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, domin alƙalamin mai hisabi ba ya amsa komai sai tambayar da mai mulki ya ɗora masa.

Misalin da ya fi bayyana shi ne na Amurka. A shekarar 1939, ana gab da faɗawa yaƙi, majalisar dokokinta ta yi dokar tara kayan tanadi, ta amince a kashe dala miliyan 100 a kan haka. Amma kafin a tara abin kirki wuta ta riga ta kama, kuma a farkon 1942 Japan ta mamaye Malaya da tsibiran da ake kira Indonesiya a yau, inda kaso mafi tsoka na kuzar duniya yake fitowa a wancan zamani. Abin da ya biyo baya kakanninmu sun san shi a jikinsu, domin da Ingila ta rasa kuzar Malaya sai ta juyo kan tudun Jos, aka kafa aikin tilas ɗin nan da mutane suka kira ɗiban gwamna, aka kwaso dubban manoma daga lardunan Arewa tsakanin 1942 da 1944, aka zuba su cikin ramuka a sanyin Filato, ba isasshen abinci, ba mayafin kirki, da yawa daga cikinsu kuma ba su sake ganin garuruwansu ba. Sakacin manyan dauloli wajen tanadi mutanenmu ne suka biya wani ɓangarensa da rayukansu, saboda haka ni ba na cikin masu cewa tara ma'adini almubazzaranci ne. Amurka ma ta ɗauki darasi, ta sake doka mai ƙarfi a 1946, yaƙin Koriya na 1950 ya ƙara mata azama, har ya zama a farkon shekarun 1960 akwai kuza kimanin tan 350,000 a rumbunanta, abin da ya kusa kai wanda duniya duka take amfani da shi cikin shekara biyu.

To, yaya ake wannan hisabi? Tushensa ba sihiri ba ne, kowane ɗan kasuwa zai gane shi in aka warware masa. Duk tan ɗaya da aka ajiye yana da nauyin da yake ɗora wa baitulmali kowace shekara: ga kuɗin da aka binne a cikinsa waɗanda da an juya su sun haifi riba ko sun gina asibiti, ga ladan mai gadi da gyaran ɗakin ajiya, ga kuma fargabar a wayi gari masana'antu sun samo abin da ya maye gurbinsa, ya zama tarin da ba mai so. Duk tan ɗaya kuma da aka neme shi ranar tsanani aka rasa yana da tasa hasarar, wadda ta ninka kuɗin sayensa sau da yawa, domin masana'anta guda tana iya tsayawa cak saboda ɗan ƙarfen da bai cika tafin hannu ba a cikin kowane inji. A ƙaddara, don misali kawai, ajiye tan ɗaya yana cin dala 10 a shekara, rashinsa ranar buƙata kuma yana jawo hasarar dala 500. Idan yiwuwar a buƙaci wannan tan a cikin shekarar ta wuce ɗaya cikin 50, ajiye shi ya fi. Idan ba ta kai ba, barinsa ya fi. Tan na farko kusan tabbas za a buƙace shi in hanya ta toshe, na dubu ɗari sai in toshewar ta yi tsawo, na dubu ɗari uku kuwa sai in musiba ta kai inda ba a taɓa gani ba; haka mai hisabi zai yi ta ƙari yana aunawa, har ya iso tan ɗin da nauyin ajiyarsa ya yi daidai da hasarar da yake karewa, nan sai ya ja layi ya ce a tsaya.

A kan wannan tushe malamai suka yi gini mai tsawo. A 1951 Kenneth Arrow da Theodore Harris da Jacob Marschak suka rubuta maƙalar da ta shigar da rashin tabbas cikin lissafin ajiya. Richard Bellman ya zo da hanyar warware shawarwarin da suke ɗaure da juna shekara bayan shekara, inda abin da ka saya bana yake ƙayyade abin da za ka iya yi baɗi. A 1960 kuma Herbert Scarf ya tabbatar da hujja cewa, in wasu sharuɗɗa suka cika, tadbirin da ya fi shi ne a kafa haddi biyu, na ƙasa da na sama, duk sa'ad da ajiya ta sauka ƙasa da na farko a cika ta har ta kai na biyu, in ba ta sauka ba a ƙyale ta. Ga kuma jadawalin Wassily Leontief, wanda yake bin sawun kowace sana'a ya nuna abin da take karɓa daga 'yar'uwarta, ta yadda idan aka ce za a ƙera jirgin sama, ana iya gano kuzar da ta shiga waldar wayoyinsa, har ma da wadda ta shiga injin da ya ƙera injin da ya ƙera shi. A yau kwamfuta tana ƙaddara dubban yanayi na yaƙi da fari da rufe iyaka, ta auna kowanne, cikin ɗan lokacin da mutum zai sha shayi. Wannan ilmi ne na haƙiƙa, kuma daular da take tara dukiyar jama'a da ka, ba tare da shi ba, ta ci amanar baitulmali.

Sai dai mai karatu ya koma kan misalin can ya tambayi kansa: shi wannan ɗaya cikin 50 daga ina ya fito? Ga inda gizo yake saƙa. Mai sayar da burodi yana da ranaku dubu da zai duba ya san cinikin gobe da kyakkyawan zato, amma yaƙin da yake toshe teku ba ya aukuwa sau dubu balle a ɗauki matsakaicinsa, kuma kowanne da kamanninsa. Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da ya tsara tanadin Masar, an sanar da shi adadin shekarun wadata da na fari, saboda haka gininsa a kan yaƙini yake. Masu hisabin zamaninmu kuwa ba su san gaibu ba, sai dai a ba su zato su yi gini a kansa, kuma mai ba su zaton shi ne mai riƙe da mulki. Tarihin rumbun Amurka shaida ne. Da farko an ƙaddara yaƙin shekara 5, aka tara gwargwadon haka. A 1958 aka rage zuwa shekara 3, sai ga shi dare ɗaya tarin da jiya ake cewa bai isa ba ya zama rara, har Shugaba Kennedy ya fito a watan Janairu na 1962 ya bayyana cewa kayan rumbun sun kai dala biliyan 7.7, kuma kimanin biliyan 3.4 daga ciki sun wuce buƙata, majalisar dattawa ta buɗe bincike a ƙarƙashin Sanata Stuart Symington. A 1973 gwamnatin Nixon ta mai da shi shekara 1, a 1976 gwamnatin Ford ta komar da shi 3. Cikin dukan waɗannan juye-juye ko laba ɗaya ba ta ƙaru ko ta ragu a ɗakin ajiya saboda lissafi ya ƙara kyau. Lamba ɗaya ce ake gogewa a kan takarda a rubuta wata, duk sauran alƙaluma su bi ta kamar rakiya.

Malaman fara'ili a ƙasarmu sun fi kowa sanin wannan sirri. Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya ba da kaso mai yawa na littafin ga mas'alolin wasiyya da gado, kuma har yau almajirin da ya ƙware yana iya fitar da asalin mas'ala ya raba tumuni da sudusi ba tare da kuskuren ko anini ba. Amma idan waɗanda suka zo gaban malam suka ɓoye masa cewa mamacin ya bar 'ya a wani gari, lissafinsa zai fita daidai, rabonsa kuma ya zama zalunci. Saboda haka malamin kirki yake fara tsananta tambaya a kan magada kafin ya taɓa alƙalami.

Magajin da aka saba mantawa da shi a lissafin rumbun ma'adinai shi ne wanda yake cikin rami yana haƙowa. A 1952 gwamnatin Amurka ta yi shelar za ta sayi kolombait, baƙin dutsen nan da ake samu tare da kuza, wanda a da ake zubarwa a juji, wanda kuma ake fitar da ƙarfen da yake ƙara wa injin jirgin sama juriyar zafi daga cikinsa; ta ce za ta biya kusan ninkin farashin kasuwa har sai ta tara kimanin tan 6,800. A lokacin mafi yawan kolombait na duniya daga Nijeriya yake fitowa, saboda haka Filato ta ɗauki harama, aka koma ana tone tsofaffin juji, kamfanoni suka ƙara lebura, mutane suka baro gonakinsu. Kafin shekarun 1950 su ƙare mudu ya cika, mai saye ya naɗe tabarmarsa, farashi ya faɗi warwas, aka sallami ma'aikata. Haka kuma daga 1962, da majalisar Amurka ta ba da izinin sayar da tan 50,000 na rarar kuzarta, ƙasashe masu haƙowa, musamman Bolibiya wadda rayuwarta ta rataya a kan kuza, suka yi ta kuka, domin rumbu mai girman haka ko tari mai shi ya yi sai kasuwa ta girgiza. A takardar mai hisabi duk wannan daidai ne: an saya da aka buƙata, an sayar da aka ga rara. Leburan Bukuru da na tsaunukan Bolibiya ba su da layi a cikin jadawalin, don ba a ce a sa su ba.

Akwai kuma wata fitinar, ita ce a ɗora wa rumbu aikin da ba nasa ba. A 1956 yarjejeniyar kuza ta duniya ta fara aiki, aka kafa majalisa a Landan wadda Nijeriya tana cikin mambobinta, aka ba wani jami'i kuɗi da kuza, aka ce in farashi ya faɗi ƙasa da wani haddi ya saya, in ya haura wani haddi ya sayar. Niyyar mai kyau ce, kuma ta yi amfani shekaru da dama. Amma aka yi ta ɗaga haddin ƙasa har ya wuce abin da kasuwa za ta ɗauka, alhali masu yin gwangwanin lemo suna komawa ga alminiyam, Birazil kuma, wadda ba ta cikin yarjejeniyar, tana zubo kuza mai araha. Sai jami'in ya zama kusan shi kaɗai ne mai saye a wannan farashi, kuɗinsa suka ƙare, ya shiga cin bashin bankuna da dillalai yana ba da kuzar jingina. Ranar 24 ga Oktoba 1985 ya sanar da kasuwar ƙarafa ta Landan cewa ƙarfinsa ya ƙare, ga bashin kimanin fam miliyan 900 a wuyan majalisar. Farashin da yake sama da fam 8,000 kowane tan ya gangaro ƙasa da 4,000, kasuwar ta rufe cinikin kuza har 1989, Bolibiya ta sallami mahaƙa fiye da 20,000, haƙar kuzar Jos kuwa, wadda dama tana numfashi sama-sama, ta ƙara durƙushewa. Abin takaici shi ne, a nan hisabi ya riga ya yi gargaɗi: Robert Townsend a 1977 da Stephen Salant a 1983 sun nuna da hujjar lissafi cewa rumbun da ya ɗauki alkawarin tsare farashi a wuri ɗaya, ba daɗe ba jima, ko dai kayansa su ƙare ko kuɗinsa, kuma da zarar 'yan kasuwa sun hango ranar sai su afka masa gaba ɗaya su gaggauto da ita. Ba a saurara ba, domin gwamnatoci suna son farashi mai tsada kuma ba su son ƙara kuɗi.

Fuƙaha'u sun daɗe da bambance tanadi da ihtikari, kuma a mazhabar Imamu Malik hanin bai tsaya ga abinci kaɗai ba, ya shafi duk kayan da ɓoye su yake cutar da kasuwa. Wanda ya ajiye lokacin yalwa domin buƙatar gobe bai yi laifi ba, wanda ya kwashe kasuwa domin ya juya farashi shi ne abin zargi. Majalisar Amurka ta iso kusa da wannan fahimta a dokar 1979, inda ta ƙayyade cewa rumbun na tsaron ƙasa ne kawai, ba a amfani da shi don juya tattalin arziki ko cike giɓin kasafi. Ina ganin wannan sharaɗi shi ne mafi daraja a cikin dokar duka, ko da yake ba a kiyaye ruhinsa yadda ya kamata ba. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat aka sake zato, aka ƙaddara cewa kusan kowace ƙasa aminiya ce kuma teku a buɗe take, sai lissafi ya nuna kusan komai rara ne, aka yi ta sayarwa ana zuba kuɗin cikin wasu hidimomi, har darajar rumbun ta sauko ƙasa da dala biliyan ɗaya. Alhali darasin ƙarfen kobal yana nan bai tsufa ba: Amurka ta sayar da mai yawa daga nata har zuwa 1976, a watan Mayu na 1978 'yan tawaye suka shiga Kolwezi a ƙasar Zayar, inda ake haƙo shi, farashi ya yi tashin gwauron zabi, a 1981 ta koma tana saye a dala 15 kowace laba, fiye da ninkin yadda ta sayar. Da ƙasar Sin ta taƙaita fitar da galiyam da jamaniyam a 2023, sai ga shi an sake komawa neman abin da za a cika rumbu da shi.

Japan ta fi taka-tsantsan. A 1983 ta fara ajiye wasu ƙarafa gwargwadon buƙatar kwana 60, adadi ƙarami da kowa ya san shi a lokacin, kuma da Sin ta tsuke mata hanyar ma'adinan da ake yin maganaɗisu da su a 2010, ba ta tsaya ga ƙara tari ba, ta zuba jari a mahaƙar Ostireliya, ta kuma matsa wa injiniyoyinta su rage buƙata su riƙa tatsowa daga tsofaffin na'urori. Rumbu lokaci yake saya wa daula, kuma tsarin hisabin da bai auna watannin da ake buƙata kafin a buɗe wata mahaƙa ko a samo madadi ba, ya bar rabin mas'alar a waje.

Abin da nake kira gare shi, ga duk daular da take da irin wannan rumbu, shi ne ta shimfiɗa muƙaddimomin lissafinta a gaban majalisa da masana, iyakar abin da sirrin tsaro ya bari: shekara nawa aka ƙaddara, wace ƙasa aka amince da ita, wace aka yi wa mummunan zato, da yadda adadin zai canza in aka taɓa kowane ɗaya. Mai hisabi kuma kada ya miƙa lamba guda tilo, ya miƙa ta tare da iyakokinta, ya faɗa wa mai mulki ƙarara cewa wannan ɓangare ilmi ne, wancan kuwa ijtihadinka ne, kai za ka amsa shi. A kuma rubuta ƙa'idar saye da sayarwa tun da wuri, a riƙa yi sannu-sannu bisa jadawalin da aka bayyana, domin ƙasashe masu haƙowa su san abin da ke tafe.

Mu kuwa, a Nijeriya da Nijar, har yanzu a ɓangaren masu sayarwa muke: ga kuza da kolombait a Filato, ga litiyam a Nasarawa, ga yuraniyam a Arlit. Buƙatarmu ta farko ita ce mu iya karanta rumbun wasu. Lokacin da aka yi shelar kolombait a 1952 an faɗi adadin da ake nema a fili. Da akwai wanda ya zauna ya raba wannan adadi da abin da ake lodawa a jirgi kowace shekara, da ya san kusan shekarar da kasuwar za ta tashi, da an gaya wa manomi kada ya sayar da gonarsa don rami. Yanzu da manyan dauloli suka sake shiga gasar cika rumbuna, irin wannan garaɓasa za ta sake zuwa, matasa kuma sun riga sun fara tururuwa zuwa ramukan litiyam. Muna da sassan lissafi a jami'o'in Zariya da Kano da Jos da Yamai, cike da malamai da ɗalibai masu neman mas'alar da za su gwada ƙwazonsu a kai. Ya kamata ma'aikatar ma'adinai ta ɗauki kaɗan daga cikinsu ta ba su aiki tsayayye: su riƙa bin sanarwar masu saye, su ƙiyasta ranar da kowane mudu zai cika, su fitar da kason da hukuma za ta keɓe daga harajin shekarun tsada domin shekarun faɗuwa, sa'an nan a karanta sakamakon a rediyo da harshen da mahaƙi yake ji, kafin damina, lokacin da yake yanke shawarar ko gona zai nufa ko rami.